Mun Binciki Wayar Auta, Ba Mu Binciki Hayaƙin Ba



Akwai wata kalma da duk wanda ya taɓa shiga PUBG Mobile ko Call of Duty ya san ta, a Madina yake ko a Jidda, a Landan ko a Fagge. Larabawan nan cewa suke yi "hakar", mu kuma 'ya'yan Hausawa muka ɗauke ta yadda take muka sa a baki. Ma'anarta a taƙaice: wanda ya harbe ni ba fi na iyawa ya yi ba, maguɗi ya yi. Ban san wata tuhuma mai arha kamarta ba. Ba ta neman shaida, ba ta neman alƙali, kuma nan take take sanyaya zuciyar wanda aka kayar. Yawanci a iska take ƙarewa. Amma a hutun da na zo gida bana, a kan ɗan gidanmu ta faɗo, ta kuma zauna.

Ni haifaffen Madina ne, a unguwar Khalidiyya na tashi. Baba ya zo daga Kano tun yana saurayi, tela ne, har yau yana kan kekensa. Yanzu ina karatun kimiyyar abinci a wata jami'a a Ingila, sai hutu nake leƙo gida. In kun ji Larabci yana tsoma baki a Hausata, to haka muke yin ta a nan.

Autanmu shekararsa 17, kuma gaskiya Allah ya ba shi hannu. Da yatsa huɗu yake wasa, biyu a sama biyu a ƙasa, sannan da karkata wayar yake daidaita saiti, ba da goga allo ba. Wasu samari suka shirya 'yar gasa tsakanin unguwanni, kowace ƙungiya ta zuba kuɗin shiga, wanda ya ci ya kwashe. Ƙungiyar su Auta ta ci. Kafin gari ya waye waɗanda aka kayar sun yanko bidiyon wani wuri da ya kwantar da mutum uku a jere, suna ta yaɗawa: hakar ne, ga shi yana harbi kafin mutum ya fito daga bayan bango. Mai riƙe da kuɗin ya ce ba zai biya ba sai an tantance.

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Sunan da Auta ya sa wa kansa a wasan da "Hausawi" ya ƙare, kuma na saurari abin da aka riƙa faɗa masa ta makirfo. Ba zan maimaita duka ba. Kun dai san yadda ake furta "takaruni" in ana so ta yi zafi. Abin da ya ba ni mamaki, waɗannan yaran su ne suka tafa wa Osama Hawsawi lokacin da ya ɗaura ƙyallen kyaftin na Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. In gudu ne da ƙarfin ƙirji, ba wanda ke tambayar ta ina muka samu. In abu ne na lissafi da natsuwa da saurin ido, sai a ce da wata a ƙasa.

Sai kuma maganar ta kai kunnen Baba a ƙofar masallaci bayan isha'i, kuma ba a siffar wasa ta je masa ba. Ce masa aka yi ɗansa ya cuci mutane kuɗi. Mutumin da ke ninke guntun yadin da ya rage ya mayar wa mai kaya! Ya shigo gida bai ci abinci ba, ya kira Auta ya ce, "Kai, ka dube ni. Ka tauye wa wani mudu?" Auta ya rantse. Baba ya ce, "To ka je ka wanke kanka a gaban waɗanda suka faɗa. Ni ban san wannan wasan naku ba, amma na san sunana."

Kada wani ya ɗauka ina cewa babu maguɗi. Akwai shi, kasuwa ce ma babba. Akwai manhajar da ke ja maka bindiga kai tsaye zuwa kan abokin gaba, akwai wadda ke nuna maka mutane ta cikin bango, akwai mai hana bindiga tsalle in ana ɓarin wuta. A watan Oktoba na 2018, a wata gasar Counter-Strike a Shanghai, an kama wani ɗan wasan OpTic India mai laƙabin forsaken ana tsakiyar wasa, ya ɓoye manhajar da sunan "word.exe", kuma jami'in yana tsaye a kansa yana ƙoƙarin gogewa. Shekara 5 aka dakatar da shi, ƙungiyar ma ta watse. A Maris na 2021 'yan sandan Kunshan a ƙasar Sin, tare da kamfanin Tencent, suka tarwatsa wani gungun masu sayar da irin waɗannan manhajoji da aka ce sun tara kusan dala miliyan 76. PUBG Mobile kuwa shekara 10 take rufe asusun wanda ta kama. Kuma tun da aka fara Esports World Cup a Riyad a 2024 da kyautar da ta haura dala miliyan 60, kowane yaro a ƙasar nan gani yake yi wayarsa hanyar arziki ce. Inda kuɗi ya shiga, dole a sami ɓarawo, dole kuma a sami zargi.

Matsalar ita ce gwani da ɓarawo kamanninsu ɗaya a idon wanda aka kashe. Abin da kake gani a allonka ba shi ne abin da ke faruwa a daidai lokacin ba. Kowane motsi sai ya je saba ya dawo, kuma wannan jinkirin shi Larabawa ke cewa "bing", mu mu ce "fing", tunda daga mu har su ba mai harafin da Bature ya fara kalmar da shi. In mutum ya leƙo daga bayan bango, shi ya riga ya gan ka kafin labarin leƙowarsa ya iso wayarka. In layinka ba shi da kyau, tazarar za ta iya kai kashi ɗaya cikin goma na sakan, alhali ɗan Adam yana bukatar wajen kashi ɗaya cikin huɗu na sakan kafin ya gani ya motsa yatsa. Ka ga an ci kusan rabin lokacinka tun ba ka san ana yi ba. Maimaicin da wasa ke nuna maka bayan ka mutu ma ba hoton allon wancan ba ne, sake ginawa ne daga bayanan da aka tara, shi ya sa saiti ke fizga kamar na aljani. Ƙara da kunne: mai hedifon mai kyau yana jin takunka a kan katako, ya san ƙofar da za ka ɓullo, ya fara harbi kafin ka fito. A bidiyo sai ka rantse ta bango yake kallonka.

Labarin da na ba Auta don ya ɗan saki rai shi ne na Geguri, wata yarinya 'yar Koriya ta Kudu mai suna Kim Se-yeon. A 2016, tana da shekara 17, wasu 'yan wasan Overwatch suka ce ba zai yiwu a ce hannunta ne ba, har biyu daga cikinsu suka ce in ta tabbata ba ta maguɗi za su bar sana'ar. Aka zaunar da ita a gaban kyamara ta yi wasa fiye da awa guda duniya na kallo. Kamfanin Blizzard ya wanke ta, mutanen biyu suka ajiye wasan, ita kuma a 2018 ta shiga Shanghai Dragons, mace ta farko a babbar gasar wasan. Ita laifinta mace ce. Namu laifin kun san shi.

Taubashina, ɗan Kawu, shi ne kyaftin ɗin su Auta, kuma shi ya shirya zaman tantancewa a mulhak ɗin gidansu, ɗakin nan na saman bene da samari ke taruwa. In ba shi haƙƙinsa, ya yi aiki kamar ɗan sandan ciki. Mutum biyu suka zo daga ɗaya ɓangaren. Aka karɓi wayar Auta aka bi ta fayil bayan fayil, aka duba duk abin da ya taɓa saukewa. Sannan aka ba shi wayar ɗaya daga cikinsu, aka kafa wata a samansa tana ɗaukar yatsunsa. Wasan farko bai yi abin kirki ba, saitin ba nasa ba ne. Ya gyara. Na biyu da na uku ya yi musu abin da ya yi musu ranar gasa. Ɗayan ya ce, "Khalas, wallahi yaron gwani ne." Ɗayan ya ce, "Yau dai bai kunna ba." An biya kuɗin. Haƙuri kuwa har yau ba wanda ya ba shi.

To duk wannan zaman, kusan awa uku, taga a rufe saboda na'urar sanyi, ɗakin ya cika da wani farin hayaƙi mai ƙanshin mangwaro da kek. Cikin mu takwas, biyar suna riƙe da sahba, wato ƙaramin feb ɗin nan, sigarin lantarki mai kama da alƙalami. Taubashina yana bin wayar yaro da ido ɗaya, yana zuƙa da ɗaya hannun, yana ɗan tari busasshe. Na karɓi tasa na juya ta. Babu jerin abin da ke ciki, babu sunan ƙasar da aka yi ta, sai hoton 'ya'yan itace da kalmar "bota". Tun da aka sa wa irin waɗannan kaya harajin kashi 100 cikin 100 a Saudiyya a 2019, shi wurin wani mai kawowa a but ɗin mota yake saye, a rabin kuɗi.

Na ce, "Kai da ka tona wayar yaro har ƙasa, wannan ka san me ke cikinta?"

Ya ce, "Malam Bature ke nan, an fara lacca. Filebo ne fa, irin wanda Gwaggo take sa wa a kek. Ko kek ɗin ma kashe mutane yake yi?"

Gwaggon tasa ita ce Ummanmu, mai yin kek da cincin na biki. Kuma wannan amsar tasa ita ta sa na zauna rubutun nan, don na ji ta a bakin mutane da yawa, a nan da Ingila, kuma a nan ne gizo ke saƙar.

Ƙanshin bota ɗin nan da kuke ji, galibi wani sinadari ne ke ba da shi mai suna dayasetil. Ba baƙo ba ne. Yana cikin man shanu da kindirmo tun asali, yana fita in ana gasa kofi, kuma masana'antu suna haɗa nasu su zuba a alewa da biskit da gugguru. Hukumar abinci ta Amurka ta sa shi cikin jerin abubuwan da aka yarda ba su da illa. Amma wannan yardar ta ci ce. Ciki yana da hanyar sarrafa shi. Ba wanda ya tambayi huhu.

A shekarar 2000 hukumar lafiya ta jihar Misuri a Amurka ta sami labarin mutum 8 da suka taɓa aiki a wata masana'antar gugguru a ƙaramin garin Jasper, dukansu da wata cutar huhu da ba a cika gani ba, wadda likitoci ke kira bronchiolitis obliterans. Huɗu daga cikinsu suna jiran dashen huhu. Hukumar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata ta shiga masana'antar ta auna mutum 117 da ke bakin aiki, aka buga sakamakon a New England Journal of Medicine a 2002. Toshewar hanyar numfashi a cikinsu ta ninka abin da ake tsammani fiye da sau 3. A cikin waɗanda ba su taɓa shan taba ba kuwa, kusan sau 11. Duk wanda ya fi kusa da tankunan da ake dama filebo da mai mai zafi, shi ya fi jin jiki. Daga nan sunan "huhun gugguru" ya samo asali.

Yadda take kama mutum shi ne abin tsoron. Huhu kamar bishiya yake a kife: kututture, rassa, sai ƙananan reshe siririya can ƙarshe. Tururin yana ƙona fatar cikin waɗannan ƙananan, jiki ya zo gyara sai ya yi tabo, tabon ya matse hanya har ta toshe. Tabo kuwa ba ya komawa. Farkonta tari ne busasshe da haki in an hau bene, shi ya sa aka riƙa ce wa ma'aikatan nan asma ce ko mashaƙo, ana ba su abin fesawa a baki ba ya yi musu komai. 

A 2007 manyan kamfanonin gugguru na Amurka suka ce sun cire dayasetil. Da yawa a masana'antar filebo suka koma wani ɗan uwansa na jini, fentandayon, sai gwaji a kan beraye ya nuna shi ma yana ƙona hanyar iska. Wannan ya tuna min masu sayar da manhajar maguɗi: a toshe wannan, su sauya mata suna su dawo. A jihar Tekzas an sami mutum 5 da cutar a wata masana'antar kofi tsakanin 2008 da 2012. Wani mutum a Kolorado, ba ma'aikaci ba, mai cin leda biyu ta gugguru kullum tsawon shekaru yana shaƙar tururin in ya buɗe, kotu ta yanke a biya shi sama da dala miliyan 7 a 2012. A 2016 NIOSH ta ba da shawarar kada dayasetil a iskar wurin aiki ya wuce kashi 5 cikin biliyan. Cikin biliyan fa, jama'a.

Sai ga feb, wanda aikinsa ke nan gaba ɗaya: ya dafa filebo ya tura shi huhu. A ƙarshen 2015 masu bincike a Jami'ar Harvard suka gwada ruwan feb iri 51, suka sami dayasetil a 39. Ba a masu ɗanɗanon bota kaɗai ba, har da na 'ya'yan itace da na alewa.

A nan dole in taka burki, in ba haka ba ni ma na zama mai ihun "hakar". Hotunan da ake turo wa iyayenmu a WhatsApp, wai duk mai shan feb huhunsa zai zama gugguru, sun wuce abin da aka tabbatar. Hayaƙin taba sigari yana da dayasetil fiye da na feb nesa ba kusa ba, ga sauran guba iri-iri, don haka wanda ya bar sahba ya koma kwalin sigari ya gudu daga ruwa ne ya faɗa wuta. Annobar da ta kwantar da mutum sama da 2,800 a asibiti a Amurka daga 2019 zuwa farkon 2020, ta kashe 68, an danganta ta ne da wani mai na bitamin E da ake cakuɗawa a ruwan wiwi, ba filebo ba. Abin da ya fi kusa shi ne wani yaro ɗan shekara 17 a Kanada, a 2019, wanda ya sha feb mai filebo na watanni ya kusa rasa ransa, likitocinsa suka ce ciwon ya yi kama da na ma'aikatan gugguru. Birtaniya dai ba ta jira ba: ta hana sa dayasetil a ruwan feb tun 2016, sannan a 1 ga Yunin 2025 ta hana sayar da feb ɗin sha-ka-yar gaba ɗaya.

Don haka ban ce wa taubashina zai kamu ba. Abin da na ce masa shi ne ya dubi yadda ya raba zarginsa. Auta, da ya sani tun yana rarrafe, sai da ya kawo hujja a gaban kyamara kafin a yarda da shi, kuma awa uku ta isa a gama. Wannan abar kuwa, da ba ta da suna ba ta da uba, an yarda da ita saboda tana ƙanshin kicin ɗin gida. Ita tata tantancewar shekaru take ɗauka, kuma a ƙirjinsa ake yin ta. Ma'aikatan Jasper ma ai da takardar yarda aka shigo musu da filebon.

Ƙanshin nan kuma shi ne ya ba ta lasisin shiga gidajenmu. A 2001 aka ayyana Makka da Madina garuruwan da ba a son taba a cikinsu, kuma mu da muka tashi a nan mun san yadda mai shan sigari ke laɓe-laɓe, ya wanke baki ya fesa turare kafin ya gaida mahaifiyarsa. Sahba ba ta bukatar wannan. Umma ta taɓa shiga ɗakin da aka gama sha ta ce, "Wa ya kawo alewa bai ba ni ba?"

Kwalaben Umma ma na bi su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu ba abin da aka rubuta sai "filebo na haɗi". Rabin cokalin shayi a kwaɓin kek ba shi ne tankin masana'anta ba, ban kuma tayar mata da hankali ba. Na dai roƙe ta ta riƙa kunna shaffaɗ, fankar nan mai zuƙe hayaƙi, ranar da take gashin biki tun safe har dare, kuma ta daina kai hanci bakin kwalba don ta ji ko ya lalace. Ta ce, "Yaro, tun kafin a haife ka nake wannan sana'a." Amma na lura tana kunnawa. Waɗanda suka fi tsaya min a rai su ne 'yan uwanmu masu aiki a gidajen burodi da wuraren gasa kofi, awa goma a ɗaki mai zafi, ba wanda ya taɓa ce musu akwai gwajin hura iska da ke nuna raguwar huhu tun kafin mutum ya ji a jikinsa. In kana da yaya ko kawu a irin wannan aiki, kuma yana tarin da ya ƙi jin magani, ka sa ya faɗa wa likita ainihin abin da yake shaƙa a wurin aiki, kada ya tsaya a "ina tari" kawai.

Makon da ya wuce muka kai wasu baƙi daga Kano ziyara Uhudu. Dutsen Maharba, ɗan tudun nan da tsofaffin alhazai ke hawa da sandarsu, taubashina ya tsaya a tsakiyarsa ya dafa gwiwa, shekararsa 20. Ya ce zafi ne. Mai yiwuwa zafin ne, mai yiwuwa ƙura ce, mai yiwuwa zaman mulhak ne ba motsa jiki. A mota muna dawowa, baƙi sun yi barci a baya, ya ce a hankali, "Wannan gwajin hurawar da kake faɗa, da zafi?" Na ce bututu ne kawai za ka hura da ƙarfi. Ya ce zai je, da sharaɗin Kawu ba zai ji ba. An ba shi ranar Talata, kwana biyu kafin jirgina. Ya ce in zan raka shi kada in zo da lacca, in zo da kuɗin shawarma.